Rahoton ayyukan shekara ga mambobi: filayen al'umma da muke tsarewa a Kumasi

Assalamu alaikum iyayenmu malamai da dattawa, iyayenmu mata, da 'yan'uwa matasa. Ga bayanin abin da kwamiti ya yi a wannan shekara kan filaye uku da aka damƙa mana amanarsu: gaɓar rafin Aboabo da ke bayan unguwa, sauran filin da ke gefen tsohuwar makabarta, da filin da ake sallar idi, wanda yara ke buga ƙwallo a cikinsa sauran kwanakin shekara.

Mafi yawan lokacinmu a bana ya tafi ne wajen takardu. Dukkan filayen nan uku da baki aka bai wa kakanninmu su, aka kai goro, aka yi addu'a, aka watse. Shaidun wannan kyauta duk sun riga mu gidan gaskiya. A Kumasi kuwa asalin ƙasa ta kujerun sarautar Asante ce, kuma tsarin mulkin Ghana na 1992 ya hana a sayar da irin wannan ƙasa sayarwa ta har abada. Abin da ake samu haya ce ta dogon wa'adi, galibi shekara 99 ga ɗan ƙasa, wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba ya wuce 50. Sarakunanmu na zango suna shige mana gaba, suna kai mu inda ya dace, amma sa hannun da doka ke dubawa na mai kujerar ne. Wanda ya ce muku maganar dattawa kaɗai ta isa ta riƙe fili a yau, ku ce masa ya zo taro mu nuna masa yadda ake yi.

Matakin farko shi ne bincike a Hukumar Filaye, domin a san ko wani ya riga ya yi rajistar wurin, a kuma san ko filin na kujera ne ko yana cikin filayen tsakiyar gari da ke hannun gwamnati. Sai safiyo mai lasisi ya auna, ya zana taswirar wurin, ya kafa ginshiƙan siminti masu lamba a kowace kusurwa. Daga nan a karɓi takardar rabo daga basaraken da ke kula da yankin, a kai ta ofishin filaye na Asantehene, Sarkin Asante, a fadarsa ta Manhyia, sannan a shirya takardar haya a koma Hukumar Filaye don rajista. Filin idi ya kai matakin ƙarshe. Na makabarta ya koma baya, kuma laifin namu ne: don neman sauƙin kuɗi mun ba wani mai zane marar lasisi aikin taswira, aka ƙi karɓarta, muka sake biya daga farko. Araha ba ta ado.

Akwai wani gyara da muka yi wanda muke so kowa ya fahimce shi. A da, tsohuwar takardar filin idi da sunan mutum ɗaya take, bawan Allah mai gaskiya. Matsalar ba shi ba ne. Ranar da ya faɗi, magada za su ga fili da sunan mahaifinsu, kuma babu wanda zai zarge su idan suka sa shi cikin lissafin gado. Don haka muka yi wa ƙungiya rajista a matsayin kamfanin da ba na neman riba ba, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2019, domin fili ya zauna da sunan ƙungiya. Malamanmu kuma sun rubuta takardar waƙafi da ta fayyace cewa ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Takardar waƙafi ba ta maye gurbin rajista, amma ita ce ke ɗaure mu da 'ya'yanmu tsakaninmu da Allah.

Takarda a akwati ba ta korar mai ɗora bulo. Dokar ƙayyade wa'adin ƙara ta 1972 ta ce idan wani ya zauna a fili a bayyane har shekara 12 mai shi bai kai ƙara ba, haƙƙin ƙarar ya faɗi. Cin iyaka kuma ba da gini yake farawa ba. Teburin mai sayar da koko ne, sai rumfa, sai kwantena, sai a zuba siminti a ƙarƙashin kwantenar. Shi ya sa muka sa zagayen iyaka duk wata uku: mutum huɗu, da taswira a hannu, a duba kowane ginshiƙi, a ɗauki hotonsa da lambarsa a fili. A zagaye na biyu mun tarar an tumɓuke ginshiƙi ɗaya a gefen makabarta. Ba mu mayar da shi da kanmu ba, domin ginshiƙin da ba safiyo ne ya kafa ba ba shaida ba ne. Masu rumfa biyu da muka samu a bakin filin idi mun zauna da su cikin mutunci, suka sa hannu a takardar da ke cewa da izinin ƙungiya suke zaune, kuma za su tashi in an buƙata. Wanda ke zaune da izini ba ya iya cewa ya ci fili da daɗewa. Muna kuma jan kunnen matasanmu: dokar filaye ta 2020 ta mai da ɗaukar 'yan daba su tsare fili laifi mai kai mutum kurkuku, har da wanda ya ɗauke su. Ko an tsokane ku, ku kira kwamiti.

Gaɓar rafi ita ce ta fi ba mu wahala. Manufar gwamnati ta 2011 kan gaɓar ruwa ta ce a bar mita 10 zuwa 20 a kowane gefen ƙaramin rafin da ba ya ƙafewa. A wurare da yawa na Aboabo bangon gida ne ke shan ruwan, don haka ɗan abin da ya rage muke ƙoƙarin riƙewa. Mun dasa jema a layi biyu, mita ɗaya tsakanin layi da layi, taƙi ɗaya ko ƙasa da haka tsakanin tushe da tushe, bayan an datse ganyen ya rage kamar santimita 20. Saiwar jema tana nutsewa ƙasa fiye da mita biyu, ita ce ke ɗinke gaɓa. Amma tana buƙatar kamar wata biyu kafin ta kama. Layin ƙasa mun dasa shi a makare, ruwan Yuni ya zo da ledojin ruwa da yashi ya kwashe shi. Layin sama, da aka dasa tun farkon damina, yana nan ya yi duhu. Jema ba ta son inuwa, don haka kada a sa mata bishiya a kai.

Wajen bishiyoyi, mun karɓi tsiron da Hukumar Gandun Daji ke rabawa kyauta, kamar yadda ake yi tun ranar dashen bishiyoyi ta ƙasa ta farko a Yunin 2021. Wanda ya mutu kusan duk abu uku ne ya kashe shi: an binne shi da ledarsa, ko an zuba masa ɗanyen kashin kaji ya ƙone saiwa, ko akuya ta cinye kansa. Rami ya zama ƙafa ɗaya da rabi faɗi da zurfi, a ware ƙasar sama a gauraya ta da bokiti ɗaya na ruɓaɓɓen taki, a yage leda, a dasa daidai wuyan tsiron, kada a zurfafa. Mangwaro da maɗaci a ba su tazarar mita takwas zuwa goma. Darbejiya mun daina sa ta kusa da katangar makabarta saboda saiwarta na tsaga tushen gini. Kowane tsiro sai an yi masa keji na gora ko waya mai tsayin ƙirjin mutum. In babu kuɗin keji, gara a rage yawan dashe.

Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, kowace bishiya na son rabin jarkar nan mai rawaya da ake ce wa galan Kufuor, sau biyu a mako, da yamma, a rufe gindinta da busasshiyar ciyawa. Iyayenmu mata na makarantar dare su suka riƙe wannan aiki a gefen makabarta, kuma nan ne bishiyoyi suka fi rayuwa. A gaɓar rafi, inda muka bar shi ga duk wanda ya samu dama, babu wanda ya samu.

Kuɗin da aka tara ya tafi ne ga safiyo, rajista, keji da kuɗin ƙasa na shekara da ake biya a ofishin kula da filayen kujera. Rasit ɗin kowanne yana wurin ma'aji, duk mamba na da ikon dubawa. Kuɗin ƙasar makabarta na baɗi bai cika ba tukuna.

A taro mai zuwa za a raba bishiyoyin gaɓar rafi gida-gida, kowane gida da nasa biyar da zai shayar. Muna kuma roƙon duk wanda ke da tsohuwar takarda, rasit ko hoton da ya nuna ɗaya daga cikin filayen nan, ko da ya yage, ya kawo wa sakatare a ɗauki kwafinsa a mayar masa da abinsa a ranar.

Wassalamu alaikum.
Kwamitin gudanarwa