Magidanta a riƙa fita da iyali shan iska

Assalamu alaikum Malam Edita, a ba ni ɗan fili in yi kira ga magidanta 'yan uwana na nan Zariya. Mu dai hutun yara ya zo ya wuce suna gida, in an yi ƙoƙari a kai su gidan kaka a Tudun Wada ko Samaru shi ke nan an gama.

Bayan sallar nan mun haɗa kuɗin mota da ƙanena muka kwashi iyali zuwa Yankari a jihar Bauchi, ta Saminaka da Jos muka bi, tafiyar da nisa kam sai an yi sammako, kuma gara a kwana. Amma wallahi ruwan Wikki kaɗai ya biya kuɗin mai, daga ƙarƙashin dutse yake fitowa da ɗuminsa wajen digiri 31 dare da rana, ko lokacin hunturu haka yake, ga shi garau kana hango yashin ƙasa, yaran nan da ƙyar muka fiddo su, har uwargida da ta ce ita kallo kawai za ta yi sai da ta tsoma ƙafa. Tun 1956 aka keɓe dajin nan, akwai giwaye ma, amma a yi hattara da birai, ka ajiye leda ka juya sun wafce.

Masu kuɗinmu kuma don Allah ku gina mana wurin wasan yara mai kyau a Zariya, da lilo da wurin iyo, a ware wa mata lokacinsu daban.

Naku, wani magidanci daga Sabon Gari, Zariya.