Haidurojin ba CNG ba ce: a yi hattara da tukunya

Malam Edita, assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini don mu ja kunnen 'yan'uwanmu direbobi da makanikai.

Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, masu motoci da dama a nan Legas suka koma CNG, wato matsattsiyar iskar gas da ake ɗurawa a tukunya. Yanzu kuma an fara jin maganar iskar haidurojin a gareji, har wasu na cewa tunda an riga an ɗaura tukunya a bayan mota, gobe iskar kawai za a canza. Wannan magana tana iya cin rai.

Ƙona haidurojin a inji an daɗe da iya shi. BMW ta ƙera motoci kusan 100 masu ƙona ta tsakanin 2006 da 2007, Toyota kuma ta shiga tsere da irin wannan inji a Japan a 2021. Wahalar tana wajen abin da zai riƙe iskar. Ƙwayarta ita ce mafi ƙanƙanta cikin dukan sinadarai. In aka matse ta, tana ratsa jikin ƙarfe, ta taru a wurin walda ko inda akwai ɗan tsagi, har ƙarfen ya rasa danƙonsa. Daga nan ba ya lanƙwasa ya ba ka alama, sai dai ya dare kamar tangaran. Tun 1875 masana suka gano wannan cuta. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, ƙarfen da ya fi tauri shi ya fi saurin kamuwa.

Tukunyar CNG ana cika ta a matsin bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne). Ta haidurojin kuwa bar 700 ce a ƙananan motoci, 350 a yawancin bas-bas, shi ya sa ake yin cikinta da roba mai kauri, a naɗe bayanta da zaren kabon. Bututu da bawul ana yin su da ƙarfe marar tsatsa na 316L wanda nikel ɗinsa ya kai kashi 12 cikin 100, ko alminiyam na 6061. Ko zoben roba da ke hana yoyo sai na musamman, domin iskar tana shiga cikinsa, in matsi ya sauka farat ɗaya ya kumbura ya tsage.

Yoyon nan kuwa ba a ganinsa, ba a jin warinsa. Haidurojin tana kamawa da wuta daga kashi 4 har zuwa 75 cikin 100 a iska, alhali CNG daga 5 ne zuwa 15. Tartsatsin da ke tayar da ita bai kai kashi ɗaya cikin goma na wanda fetur ke bukata ba, harshen wutarta kuma da ƙyar ake ganinsa da rana.

A cikin inji ma haka. Fulogi ko bawul ɗin fitar hayaƙi in ya yi zafi da yawa, shi kaɗai ya isa ya kunna iskar kafin lokacinta, wuta ta koma baya ta hanyar shigar iska. Don haka ake sa fulogi mai saurin sanyi, ba mai kan filatinom ba. Iskar busasshiya ce, ba ta da maiƙo, nozul mai fesa ta cikin inji yana cinyewa da wuri. Tururin ruwan da take bari yana sauka cikin baƙin mai ya lalata shi.

Kiranmu ga jami'o'i ne, musamman sassan nazarin ƙarafa na Jami'ar Legas da ta Ahmadu Bello. Haidurojin ba baƙuwa ba ce a nan, da ita ake yin taki a masana'antar Dangote da ke Lekki. Abin da muke bukata shi ne a gwada ƙarafan da ke kasuwanninmu da irin waldar da muke yi, a cikin laima da gishirin iskar Legas, domin tsatsa kanta tana tura haidurojin cikin ƙarfe. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki kuma ta fitar da ƙa'ida tun kafin kayan haidurojin su cika kasuwar kayan mota ta Ladipo. Kafin nan, kada wani makaniki ya yarda ya zuba wannan iska a tukunyar da ba don ita aka ƙera ba.

Daga wasu injiniyoyin ƙarafa, Agege, Legas.