Kar a auna tarihin reluwen Jos a sikeli

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a, da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya. Dan Allah ka bani dan fili in sa baki a maganar farfado da jirgin kasa tsakanin Jos da Bukuru da Kuru da ake ta yi, wanda ni kam ina goyon baya dari bisa dari, sai dai duk wanda ka ji yana magana akai sabo yake so, sabon tarago sabuwar tasha sabon fenti, ba mai tambayar to tsohon fa ina za a kai shi. Ni kuma tsohon ne ya dame ni. Sana'ata kayan gyaran mota ne, rayuwata duk cikin karfe take, na san idon da 'yan gwangwan ke kallon abu da shi, ba ruwansu da shekarunsa ko wa ya kera shi, kilo nawa ne kawai. Abin tsoron shi ne har masu ofis din ma da wannan idon suke kallo.

Harkar injinan tokumbo ce ta kai ni Nagoya a kasar Japan, to ranar da ba aiki sai abokin huldata na can ya ce mu fita kauye in ga wani abu banda yadin motoci. Daga Nagoya jirgi muka hau zuwa wani gari Ena a jihar Gifu, tafiyar awa daya da wani abu, a nan muka sauka muka canza zuwa wani dan karamin layi da suke kira Akechi. Malam Edita jirgin nan tarago daya ne tak, mai dizal, kamar luksuriya aka dora kan dogo, direban shi ne kwandasta shi ne komai. Layin gaba daya kilomita 25 ne da 'yan kai daga Ena zuwa Akechi, cikin gonakin shinkafa da daji da hawa, akwai wata tasha Iinuma da aka gina ta a kan gangare sosai, hawan mita 33 a duk mita 1000, in jirgin ya tsaya kana jin jikinka ya karkata.

Abin da yasa na kawo layin nan shi ne yadda ya tsira. An bude shi tsakanin 1933 da 1934, na gwamnatin kasarsu ne a lokacin. Da aka shiga shekarun 1980 hukumar jirgin kasarsu bashi ya yi mata katutu, sai aka jera kananan layukan kauye da basa kawo kudi aka ce za a rufe, har da wannan. Mutanen yankin suka ce basu yarda ba, a 1985 gwamnatin jihar Gifu da kananan hukumomin da layin ya ratsa da wasu kamfanonin wajen suka hada kudi suka kafa kamfani suka karbi abinsu. Kuma kar wani ya dauka riba suke kwasa, a'a, kauyukan Japan mutane raguwa suke, matasa sun gudu birni, layin da tallafi yake tafiya, 'yan makaranta da tsofaffi ne fasinjan kullum. Amma basu zauna jiran tallafin kawai ba, sun kirkiro jirgin cin abinci, a jona tarago a jera tebura a ciki ka biya kudi tun kafin ranar, kana tafiya a hankali kana cin abin da yankin ke samarwa, lokacin zafi abincin kanten wanda ake yi da ciyawar teku a busar da ita da sanyin hunturu a garin Yamaoka da ke kan layin, lokacin kaka naman kaza, lokacin sanyi doyar daji. Mutum ya taso tun daga birni don ya ci doyar daji a cikin jirgi fa, ya kuma biya da murna.

Kamar rabin awa muka iso Iwamura, wani tsohon gari da ke kan layin. Tashar karama ce, tun 1934 take nan, ba wani kyale-kyale, benci ne da tagar tikiti da shara tas. A gefen dogo akwai tsohuwar sigina irin mai hannu din nan da ake jan liba ta sauka ta tashi, irin wadda duk wanda ya girma kusa da reluwe a Najeriya ya sani. Sun daina aiki da irinta a 2004 amma basu cire wannan sun kai bola ba, sun bar ta a tsaye suna shafa mata mai, mutane na daukar hoto da ita. Na tsaya na yi mata kudi a raina irin na sana'a, wallahi a sikeli ba zata sayi taya biyu ba, amma ga ta nan shekara da shekaru tana jawo mutane suna sauka a tashar.

Daga tashar da kafa ake shiga tsohon garin, titi daya ne dogo da ya haura kilomita daya yana hawa a hankali zuwa gindin dutse, hagu da dama gidajen katako ne na 'yan kasuwar da, wasu tun zamanin da sarakunan yaki ke mulki. Kuma ba kango bane aka kewaye da waya, mutane na ciki suna kwana suna tashi, ga mai shagon magani ga mai kayan masarufi ga tsohuwa tana gasa goheimochi, wato shinkafa ce ake kirbawa a manna a jikin itace a shafa miya a gasa a gawayi. Sai da na sa aka tambayar min ko an sa giya a miyar don can sukan zuba a girki, wanda zai je ya kula da wannan. Akwai kamfanin giyar shinkafa ma a titin, shi dai na wuce abina. Wasu gidajen attajiran da kamar gidan Kimura an bude su ka shiga ka ga dakunan da rumbunan, sannan akwai hanyar ruwa da aka haka sama da shekara 400 da ta bi ta karkashin gidajen, har yau ruwan na gudu, ba leda ko daya a ciki, wannan kam ya bani haushin kanmu in na tuna yadda kogin Dilimi na nan Jos yake komawa da damina. A jikin gidaje kuma sun rataye alluna dauke da maganganun wani malaminsu Sato Issai da ya rasu a 1859, yaro na tafiya makaranta yana karantawa.

A saman dutsen ne tsohuwar fadar yakin garin take, ko in ce inda take a da, don gine-ginen an rushe su tun 1873 bayan an kawar da mulkin sarakunan, ganuwar dutse ce kawai ta rage, wani wajen hawa shida a jere daya bisa daya, duwatsun an jera su ba siminti. Suna alfahari wai tana mita 717 sama da teku kuma tana cikin manyan fadojin kan dutse guda uku na kasar, na yi dariya a raina nace mu a Jos a kusan mita 1200 muke shan shayi kullum ba wanda ya bamu lambar yabo. Amma hawan ba wasa bane, hanyar dutse ce cikin itatuwa, mai ciwon gwiwa ya nemi mota.

Labarin da suke sayarwa a garin na wata mata ce, Otsuya, gwaggon Oda Nobunaga wanda shi ne babban jarumin yakin Japan na lokacin. Mijinta mai fadar ya rasu a 1572 sai rikon ya dawo hannunta, rundunar gidan Takeda ta zo ta kewaye su, da ta ga ba mafita sai ta yarda ta auri kwamandan abokan gaban, Akiyama, don kar a karkashe mutanenta. Dan dan'uwan nata bai yafe ba, a 1575 rundunarsa ta kwace fadar aka kashe ta da mijin. Labari ne mara dadi, akwai cin amana akwai jini, amma basu boye shi ba, yau a kofar gidajen titin zaka ga labule shudi an rubuta sunan uwargidan gidan a jiki don tunawa da ita. Kowace mata a titin an bata rabonta a tarihin kenan, to wa zai yarda a rushe?

Kuma ba son zuciya kadai ya rike garin ba, doka ce. Tun 1975 suka gyara dokar kayan tarihinsu yadda za a iya kare unguwa sukutum ba gini daya ba, Iwamura ta shiga jerin a 1998. Gidan naka ne, ka zauna ka yi kasuwancinka, amma fuskar gidan da ke kallon titi baka canza ta sai da izini, in kuma zaka gyara gwamnati na biyan wani kaso na kudin. Hani da taimako tare suke tafiya, ba a zo da jan fenti a rubuta maka a jikin bango a tafi ba.

To mu dawo gida. Me Iwamura take da shi da Jos bata da shi? Kafin zuwan jirgi, a kai ake dakon kuza daga nan har Loko a bakin Binuwai. Sai aka shimfida karamin layin nan na Bauchi Light Railway daga Zariya, fadinsa kafa biyu da rabi, ya iso Jos da Bukuru a 1914, aka rufe shi a 1957. Babban layi ta Kafanchan ya iso a 1927, daga Kuru kuma aka ja wanda ya bi Bauchi da Gombe ya kai Maiduguri a 1964. Sunan Taminus kansa, wato unguwar kasuwar nan ta tsakiyar Jos, daga jirgin ya samo asali, amma tambayi yaron da ke tallan pure water a wajen ka ji, kasuwar da ta kone a 2002 kawai zai ce maka, ita din ma labari ya ji. Kawunan jirgin karamin layin suna ajiye a harabar gidan tarihin Jos da aka bude tun 1952, kusa da inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Zariya, mutum nawa ne cikinmu ya taba kai 'ya'yansa? Gidan zoo ake wucewa ranar sallah a ga biri a dawo. Kuma tarihin kuza da reluwe na kowa ne a garin nan, Birom da Anaguta da Afizere da kasarsu aka tona, Hausawa da Ibo da Yarbawa da sauran wadanda suka zo lebura da kasuwanci da aikin dogo, ba gidan da kakansa bai taba abin ba, a gari irin namu da aka sha wahalar rabuwar kai samun abu daya da kowa zai ce nawa ne ba karamin abu bane.

Na san me za a ce, ana fama da abinci da tsaro kai kana maganar tsohuwar sigina. Gaskiya ne, kuma ban ce Turawa zasu cika Jos gobe ba, Iwamura din ma yawancin wadanda na gani 'yan kasar ne, tsofaffi da iyalai da suka fito shan iska. Mu ma muna da su, mutanen Abuja da Kano da Bauchi da ke zuwa Jos shan sanyi lokacin hutu su rasa inda zasu banda otal. A jona tarago daya ranar Asabar daga Jos zuwa Kuru, a sa gwaten acca da dankalin turawa da masa da kilishi da strawberry din da ake nomawa a nan, a samu tsohon ma'aikacin reluwe mai fansho ya rika bada labarin kowace tasha a biya shi, ka gani in ba a cika ba. Kuma tunda gyaran tsarin mulkin 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar jirgin kasa, uzurin wai abin na tarayya ne kadai ya ragu.

Rokona ga masu ruwa da tsaki, kafin a taba komai a fara zagayawa a rubuta duk abin da ya rage, ginin tasha da gidajen ma'aikata da tankin ruwa da sigina da tsofaffin taragu, a dauki hoto a buga kowa ya gani, don abin da ba a rubuce yake ba shi ke bacewa da daddare. A daina gwanjon su da sunan kwandem. Masu rumfuna da masu gidajen da ke makwabtaka da layin a zauna da su a basu wuri da rabo a cikin tsarin, su ne zasu yi gadin da dan sanda ba zai iya ba. Mu kuma 'yan kasuwar karfe, kungiyoyinmu su sa doka duk wanda aka kawo masa guntun dogo ko kusar layi ya ki saya ya kuma kai rahoto, don da ba mai saye da ba mai kwancewa. Kai kuma Malam Edita ka turo wakilinka ya zauna da tsofaffin direbobi da masu jan sigina da ke Jos da Bukuru da Kafanchan ya dauki bayaninsu tun suna da rai, in yana bukatar mai raka shi ina nan.

Na gode, Allah ya kara daukaka jarida.

Naka mai karatu a kullum,
daga Anguwar Rogo, Jos.