Zuwa ga uwar yara uku da ta bugo waya daga Zango

Ɗiyata, salamu alaikum.

Ranar Asabar da dare, a filin rediyon da aka gayyace ni, kin bugo waya kika ce kina da ƴaƴa uku: autan shekararsa 2, mai bi masa a sama 7, babbar ta kusa 12. Kina son in faɗa miki littattafan da za ki saya musu. Kika ƙara da cewa maigidanki ya ce kada a ɓata kuɗi a kan na Hausa, tunda da Faransanci ake jarrabawa. Ban gama gyaran murya ba mai gabatarwa ya nuna mini agogo. Na dawo gida abin yana cina, shi ya sa na ɗauki bik da takarda.

Ki gaishe mini da maigidan, ki ce masa ba a ƙi ta tasa ba, amma ya saurari wannan. Lokacin da nake riƙe da ajin CE2, wato aji na huɗu a lakwal, akwai wani yaro mai karanta shafin Faransanci ba gargada, har da sauke murya inda aka ɗiga aya. In na rufe littafin na ce, "To, me ya sami mutumin?" sai ya kafa wa allo ido. Wata rana na miƙa masa takarda guda da na kwafe gatanar Gizo da Ƙoƙi a kai. Ya yi ta tuntuɓe, don bai saba ganin ƙ da ɗ a rubuce ba. Da ya kai inda asirin Gizo ya tonu, dariya ta ƙwace masa, har ya rufe baki da kaye don kada in yi faɗa. A wurina ran nan ya fara karatu. Daga baya ko Faransancin ya ɗauka, sai ka ga yana neman abin da ke ciki, ya daina rera shi kamar waƙa. Kuma mu ƴan Damagaram bai kamata a koya mana wannan ba, don a garin nan aka buɗe lakwal ta farko ta gwajin koyarwa da harshen gida a 1973, ga shi a 2025 an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa.

Autanki kuwa, ki riƙe kuɗinki. Duk littafin da kika ba shi baki zai kai. Abin da yake bukata yana bakinki da na kakarsa: "ga ta nan ga ta nanku" bayan sallar isha'i, da waƙar dodo da ake maimaitawa har ya fara karɓa. In kina son ya saba da juya shafi, yanki kwalin sabulu gida huɗu, ki liƙa hoton raƙumi da jaki da tulu da kika ciro daga tsohuwar kalanda, ki ɗinke da zare. Ya nuna, ki faɗi suna, ya yaga, ki sake wani.

Ta tsakiyar ce na fi tunani a kanta. Da safe tana lakwal tana fama da baƙaƙen boko, da yamma tana makarantar allo tana babbaƙu ko farfaru, kanta na ɗauke da rubutu iri biyu, ɗaya daga hagu ɗaya daga dama. Kada ki ɗora mata littafi ki ce je ki karanta. Ke za ki karanta mata, ta jingina da ke tana bin yatsanki. Ga wannan aiki ban ga kamar Magana Jari Ce na Abubakar Imam ba, wanda na farkonsa ya fito tun 1937, littafi uku ne jere. Sarki ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, mugun waziri yana ƙulla yadda za a fitar da yaron a halaka shi, aku kuma kullum Musa ya yi shirin fita sai ya tsare shi da labari har gari ya waye. Kin ga an yanka miki shi daidai kwana: labari ɗaya, dare ɗaya. Ki yi wa akun murya ta hanci. Ki tsaya inda ya fi daɗi ki ce barci kike ji. Kwana uku ba za a yi ba za ki tarar da ita ta saci littafin tana haɗa baƙi ita kaɗai, wannan satar kuwa a yi kamar ba a gani ba.

Abu biyu dai. Ki riga ta karanta kowane labari, don akwai ƴan wuraren da aka yi wa manya, ki tsallake. Sannan bugun Najeriya ne, inda mu muke rubuta ƴ su suna sa 'y, ga kalmomin Kano da Katsina da ba mu faɗa a nan. In ta tambaya, ki ba ta tamu kusa da tasu, ta tashi da biyu.

Babbar ta isa ta yi tafiyarta ita kaɗai. Ruwan Bagaja, na Imam ɗin dai, gajere ne, kuma ramuwar gayyar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke yi wa juna takan sa yaro mai ƙyuyar karatu ya manta da tuwo. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, kada a ce na maza ne, ƴan mata ma sun sha ƙwace shi a ajina. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fi nauyi: yaro ne aka sace zamanin bauta aka ƙetare hamada da shi, uwarsa ta bi sawu. Wannan ku karanta tare, za ta yi tambayoyi.

Na Faransancin, don hankalin maigida ya kwanta, ku nemi labaran da Boubou Hama ya rubuta wa yara. Nan da shekara ɗaya ko biyu kuma sai Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, labarin sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Faransawa a 1899. Akwai jini a ciki, shi ya sa na ce a ɗan jira. Ranar da ta gama shi, ki kai ta Birni ku wuce ta ƙofar fada, ki nuna mata ragowar ganuwar Sarki Tanimun, ki gaya mata cewa ragowar rundunar nan ce ta iso Tirmini, nan kusa da Damagaram, a shekarar ta gwabza da Sarki Amadu Kuran Daga.

Littattafan soyayyar nan da ke yawo a jakar ƙawaye da cikin waya, ban ce duka banza ba ne, na karanta masu kyau. Amma ba na ƴar shekara 12 ba ne, kuma hani da tsawa ba ya korar su. Gara ta same su hannunta a cike.

Samun littafin shi ne wahalar, na sani. Ki sa ƴan kasuwar da ke zuwa Kano su tambayo miki bugun Zariya, ki rubuta musu sunan a takarda don kada a kawo miki wani abu daban. Ku haɗa kai da maƙwabta uku ko huɗu kamar adashi, kowa ta sayi ɗaya, ku riƙa musanya.

Kafin nan, na bar Magana Jari Ce na ɗaya a wurin mai gadin gidan rediyon, ki ce ke ce mai yara uku. Bangonsa ya fita, na ɗaure shi da zaren buhu, kuma gara ta ci gefen shafukan ƙarshe. Idan kun kai can ki aiko yarinyar, in ƙarasa mata da baki.

Taki,
tsohuwar malamar lakwal, Damagaram