Ragi a saƙar safa: na dama daban, na hagu daban

Hamburg, Jamus

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ya Umma da ƙafar tata? Ya yara? Mu nan sai godiya, sanyi ne dai ya kankama, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu.

Na ga hoton safar jarirai da kika turo, kina kukan bakin yatsun yana karkacewa gefe guda. Na kai wa wata tsohuwa maƙwabciyata, wadda nake zuwa koyon saƙa wurinta ran Laraba. Kallo ɗaya ta yi ta ce hannunki ba shi da laifi, ragin ne kike yi iri ɗaya a gefe biyu.

Ashe ragi kala biyu ne. Idan kika soka kibiyar saƙa cikin ido biyu, wato madaukan zaren da ke kan kibiya, kika saƙe su tare, ragin zai kwanta dama. Wannan kin iya. Na hagun shi ne aikin: ki ɗauke ido ɗaya zuwa kibiyar dama ba tare da kin saƙa shi ba, ki saƙa na gaba, sannan ki ɗago wanda kika ɗauke ki tsallakar da shi ta kan sabon. Amma ki kula da yadda za ki ɗauke shi. Ki shigar da kibiyar kamar saƙa shi za ki yi ta fuska. In kika shigar kamar saƙar baya, idon zai murɗe ya fito da ɗan ƙulli, kuma mai safar zai ji shi cikin takalmi. Tsohuwar nan ba ta yafe wannan, warwarewa take sa mutum ya yi.

Su nan da kibiya biyar suke saƙa safa, huɗu na riƙe da saƙar a zagaye, ta biyar tana aiki, shi ya sa babu ɗinki. In an zo yatsu, a kibiya ta farko da ta uku sai ki saƙa har saura ido uku, ki haɗe biyu, ki saƙa na ƙarshe. A ta biyu da ta huɗu kuwa ki saƙa ɗaya, ki yi ragin hagu. Kin ga ido huɗu ke nan sun tafi a zagaye guda. Da fari ki rage a zagaye ɗaya ki bar na gaba, in bakin ya tsuke ki rage a kowanne, har saura takwas, ki zura zare ki ja. Haka ma bayan dunduniya, gefe ɗaya dama, ɗayan hagu.

Zarensu na safa ulu ne kashi 75, nailan 25, don kada dunduniya ta yi saurin hujewa. Akwai tsada, amma a ganina ya ci kuɗinsa. Na saya miki ƙulli biyu na zaren safa mai suna Regia da kibiyoyi masu kaurin milimita 2.5, zan ba mai tahowa.

Ina so in yi wa Baba safar fita sallar asuba kafin hunturu ya wuce. In lamba 42 yake sawa, ido 64 zan ɗora. Don Allah ki auna min tafin ƙafarsa da zare, daga dunduniya zuwa babban yatsa, kada ki gaya masa dalili.

Ki gaida Umma da Baba, ki ce su ci gaba da sa ni a addu'a.

Taki,
Ƙanwarki