Kalacin hantsi a bakin Universal da zancen ƙauyen fim na Kano

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan aiki na tafiya lafiya.

Don Allah a ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan zancen ƙauyen fim da aka taɓa shirin ginawa a Kano, domin duk sanda aka tada shi sai ka ji ana ta maganar 'yan wasa da rawa, ba wanda ke tuna mai suyar ƙwai.

Ni ina zaune ne a Los Anjelis ta Amurka, kusa da Universal City inda kamfanin Universal ke da situdiyo da kuma filin wasanninsa. Ranar Asabar da Lahadi mutanen nan basa karyawa da sassafe, sai sun sha barcinsu sun ƙoshi, wajen ƙarfe 10 zuwa 1 na rana su fito iyali guda su haɗa kalaci da abincin rana a zama ɗaya, kuma wallahi in kaga layi a titin Ventura na unguwar Studio City sai ka ɗauka rabon kyauta ake yi, ka bada sunanka a rubuta ka koma gefe ka tsaya da yara suna ta ja maka riga har a kira ka. Abincin kuwa ba wani abin a zo a gani bane. Ƙwai ne, soyayyen dankali, fanke mai faɗi da ake kwarara masa zaƙi, burodi gasasshe da aka shafe da fiya, sai kofi da ake ta ƙara maka ba sai ka roƙa ba. In an gama kuma ka ɗora wa mai kawo abinci kusan kashi 20 cikin 100 na kuɗin, haka al'adar take, da shi yake rufa wa kansa asiri.

Musulmi dai ya buɗe baki ya tambaya, don naman alade na nan a gefen faranti da yawa, kuma wani lemon da ake zagayawa da shi a dogon kofi da giya a ciki.

Haɗa harkar fim da cinikin abinci a Universal ba yau ya fara ba. Tun 1915 da Carl Laemmle, wanda ya kafa kamfanin, ya buɗe situdiyon yake barin jama'a su biya su shiga kallon yadda ake ɗaukar fim, har da abincin rana a kwali. Da fim mai magana ya zo aka dakatar saboda hayaniyar 'yan kallo, sai 1964 aka dawo da zagayen a mota, a 1993 kuma suka buɗe CityWalk, layin shaguna da gidajen abinci a bakin ƙofa wanda shigarsa kyauta ce. Har tashar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin ƙasa akwai a gindin tudun da wurin yake.

To a 2016 gwamnatin tarayya ta zo da shirin ƙauyen fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, na naira biliyan 3, malamai suka nuna damuwa kan tarbiyya aka janye. Ban raina damuwarsu ba ko kaɗan, nima uba ne. Amma ban ji an zauna an lissafa mai waina da miyar taushe, mai shayi, mai fura, mai adaidaita da zai kawo iyali daga cikin gari ranar hutu ba, alhali su ne suka fi yawa a cin moriyar irin wannan wuri. In za a sake ɗauko maganar, a kira malamai da 'yan Kannywood, a kuma kira ƙungiyar masu abinci su zauna tun ranar farko.

Na gode.

Wani mai karanta jaridarku daga Los Anjelis