A Riƙa Zagaya Cikin Birni da Yaranmu da Ƙafa

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni tsohon malamin makaranta ne, haifaffen cikin badala, a Yakasai aka yanke mini cibiya. Na yi shekara 35 ina riƙe da alli kafin in yi ritaya. A damunar bara na ɗauki jikana, wanda yake aji biyu a babbar sakandare, ya raka ni gaisuwar mutuwa. Da muka bi ta Dandalin Turawa sai na tambaye shi ko ya san dalilin sunan unguwar. Bai yi wata-wata ba ya ce ai nan ne Turawan mulkin mallaka suka zauna. Yaro ne mai ƙoƙari, yana iya lissafo maka manyan biranen ƙasashen duniya, amma bai san cewa a Hausar kakanninmu Larabawan da suke ƙetaro Sahara daga Tarabulus da Gadamas su ake kira Turawa ba, waɗancan kuwa Nasara ake ce musu. Unguwar ta fatake Larabawa ce tun kafin Ingilishi ya san hanyar Kano. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Wa ya taɓa kama hannunsa ya kai shi wurin ya faɗa masa?

Tun daga ranar na ɗaura niyya. Kowace Asabar ta farkon wata, bayan an idar da sallar asuba an karya, ina tara jikokina da 'ya'yan maƙwabta mu zagaya cikin gari da ƙafa. Mun fara mu 6, yanzu wani lokaci mukan kai 20, har da iyaye biyu-uku da suka ce su ma a je da su.

Yawanci daga marinar Ƙofar Mata muke farawa, wadda ake cewa tun 1498 take. Ranar farko yaran sun toshe hanci saboda warin baba. Wani dattijo marini, hannuwansa shuɗi har gwiwa, ya zaunar da su a bakin karofi. Ya nuna musu baba da toka da katsi, ya faɗa musu yadda ake haɗa su a bar ruwan ya yi kwanaki kafin ya nuna. Sannan ya tsoma farin ƙyalle ya ɗago, ya fito kore-kore, iska tana bugunsa yana juyewa shuɗi a kan idonsu. Ya sake tsomawa ya sake ɗagowa, launin yana ƙara duhu. Wata yarinya ta ce masa, "Baba, me ya sa ba za ka bar shi a ciki ya jiƙu gaba ɗaya ba?" Ya ce mata iskar ce take rina shi, ruwan ɗauko shi kawai yake yi. Na koyar da kimiyya a firamare shekara da shekaru, ban taɓa ganin darasi ya shiga kan yara kamar wannan ba. Daga nan muka leƙa wurin mabuga suna ta luguden tufa a kan gungume har ta yi ƙyalli. Abin da ya sosa mini rai shi ne yawan karofin da suka bushe, wasu shara ta cike su. A da, baƙin yadin ƙasar Kano har Agadas da Tumbuktu ake kai shi, Buzaye suna naɗa shi a ka.

Daga marina sai mu miƙe zuwa babban masallacin Juma'a, wanda aka sabunta gininsa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, mu tsaya a Ƙofar Kudu mu dubi Gidan Rumfa, mu shiga Gidan Makama su ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da sulke da kwalkwali. A nan nake ba su labarin Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499: shi ya gina fada, shi ya kafa kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa, kuma a zamaninsa Shehu Magili ya zo Kano ya rubuta masa nasiha a kan yadda ake riƙe jama'a da adalci. Idan na ce musu zuri'ar wannan malami suna nan a unguwar Sharifai har gobe, sai su zaro ido, domin wasunsu suna da abokai a can.

Sunayen unguwanninmu su ne littafin da ya fi kowane sauƙin karantawa, amma sai mai tafiya a ƙasa yake ganinsa. Wanda ya wuce a adaidaita sahu ba abin da yake gani sai bayan motar gabansa. Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi ta Yarbawa, Alfindiki da ta samo sunanta daga kalmar Larabci ta masaukin fatake, Madabo ta malaman Wangarawa da suka zo tun zamanin Sarki Yaji, Dukawa ta masu aikin fata, Soron Ɗinki ta maɗinka. Yaron da ya taka waɗannan lunguna ya ji asalinsu ba zai yarda wani ya zo gobe ya ce masa Kano ta mutum ɗaya ce ko ta ƙabila ɗaya ba. Da baƙi aka gina garin nan, baƙin kuma suka zama 'yan gari. Ni a ganina wannan darasi ya fi duk wata laccar zaman lafiya da ake kashe kuɗi a kanta.

A kan dutsen Dala muke ƙarewa. A nan ne na fara cin karo da gardama. Wani maƙwabcina da nake ganin girmansa ya hana 'ya'yansa bin mu, ya ce bai ga dalilin kai yaran Musulmi wurin da aka yi bautar Tsumburbura ba. Na zauna da shi a zaurensa na ce, Malam, ai a Sira muna karanta yadda Makka take a jahiliyya, har sunayen gumakan muna sani, ba kuwa don mu bauta musu ba. Wanda bai san labarin Barbushe jagoran wannan bauta ba, ta yaya zai san girman ni'imar da Allah Ya yi wa garin nan da Musulunci? Bai amsa mini a ranar ba, amma wata na gaba ya turo babban ɗansa. Kuma Dala ba labarin tsafi kaɗai ba ce. Masu binciken tarihi ta hanyar tono ƙasa sun sami alamun narkar da tama a wurin tun wajen ƙarni na 7. Idan ka hau ka duba, ga Goron Dutse can yamma, ga ƙubbar masallaci, ga Kurmi a ƙasa, sai ka gane da idonka dalilin da ya sa mutanen farko suka zaɓi wannan wuri.

Daga saman nan kuma ake ganin abin baƙin cikin. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, a ƙarni na 12, wadda Turawan da suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903 suka yi mamakin tsayinta da kaurinta, yau a wurare da yawa sai dai a nuna maka da yatsa a ce nan take a da. An ɗebi ƙasarta an yi gini, an yanka ta filaye da shaguna, abin da ya rage ruwan sama yana zaizaye shi kowace damuna. Lokacin ƙuruciyarmu a kan badala muke hawa mu sha iska da yamma. Tun 2007 sunan ganuwar yana cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, don a duba ko za a sa su cikin wuraren tarihi na duniya, a 2024 kuma hawan sallarmu ya shiga kundin al'adun duniya na wannan hukuma. Mun yi murna, amma takarda ba ta yaɓe katanga. Mutum ba ya kare abin da bai san darajarsa ba, kuma saurayin da aka taɓa tsayar da shi a Ƙofar Kabuga aka ce masa ta nan sojojin Nasara suka shigo lokacin da Sarki Alu yake Sakkwato, zai yi nauyin hannu kafin ya sa diga a jikin wannan ƙasa.

Na san ana shirya laccoci a kan tarihin Kano, na halarci da dama, kuma ina gode wa malaman da suke yi. Sai dai yawanci da Turanci ake yin su, a babban ɗakin taro, da hantsin ranar aiki. Marini ba zai bar karofinsa ya je ba, baduku ba zai je ba, matan cikin gida ba su ma san ana yi ba. Na taɓa zuwa wata aka yi awa biyu ana magana a kan sana'ar rini, babu marini ko ɗaya a ɗakin. Haka ma zagayen gari: idan baƙo ya zo daga Turai akwai mai yi masa jagora ya nuna masa komai, ɗan gari kuwa sai ya tsufa bai taɓa hawa Dala ba.

Don haka ina kira ga masu unguwanni da dagatai da shugabannin makarantun boko da na Islamiyya. Abin nan ba ya cin kuɗi. Tabarma ce da zaure da dattijo guda. Kowace unguwa ta ware yammaci ɗaya a wata, tsakanin la'asar da magariba, a gayyato sarkin ƙofa ko tsohon magini ko wanda ya yi dako a zamanin dalar gyaɗa, ya yi magana da Hausa, yara su yi tambaya. Malaman jami'a su zo su zauna tare da su, su gyara shekara inda ta kauce, su ma su ƙaru da abin da ba ya cikin takardunsu. Kada a bar 'yan mata a baya, kuma a shiga cikin gida a nemi tsofaffin mata, domin su ne suka san kaɗi da saƙa da yadda aka yi aure da biki a garin nan kafin zuwan jirgin ƙasa ya canza kasuwa. Samarinmu kowa da waya a hannu, su ɗauki murya su ajiye.

Ina gaggawa ne saboda dalili. Dattijon nan da ya nuna wa yarana yadda iska take rina ƙyalle, mun koma wurinsa bayan azumi muka tarar Allah Ya yi masa rasuwa. Allah Ya jiƙansa da rahama. Ba wanda ya ɗauki muryarsa a cikinmu, kuma akwai tambayoyi da yawa da na bari sai wani zuwan.

Asabar ta farkon wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu bi ƙofofin arewa ne, daga Ƙofar Mazugal zuwa Ƙofar Ruwa. Duk wanda ya ga wani tsoho da sanda da ayarin yara a bayansa, ya shigo cikinmu, ya zo da ruwan sha da takalmin da zai iya tafiya da shi.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Yakasai, Kano.